Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: amsa ga telan da ke jin kunyar likitan haƙori

Wasiƙar wannan makon daga Tudun Wada ta Kaduna ta zo mana. Na ɗan rage mata tsawo, amma maganar tasa ce.

“Assalamu alaikum Hajiya, barka da ƙoƙari. Ni tela ne a Kasuwar Barci, shekarata 47, kuma tunda nake ban taɓa zama gaban likitan haƙori ba. ’Yata ta fari da ke karatun jinya ce ta matsa mini, har ta je ta yankar mini kati, an ba ni ranar Talata ta sama. Ni dai babu inda ke mini ciwo. Sai dai in na goge baki nakan ga jini, kuma haƙorana sun yi ja saboda goro da shayi, har uwargida ta taɓa yi mini maganar wari cikin dabara. Ina da hawan jini da ciwon suga, ina shan magani. Gaskiya kunya nake ji in buɗe bakin nan gaban mutane. Wani maƙwabcina a kasuwa ya ce in dinga dirza su da gawayi da lemon tsami kafin ranar. Wani kuma ya ce kada in yarda a yi mini wankin haƙori, wai yana buɗe haƙora ya sa su girgiɗi. Yaya zan shirya? Ko in fasa zuwa tunda ba ciwo?”

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na ce ƙanena don na ba ka shekaru masu kauri, saboda haka in na ɗan ja maka kunne sai ka yi haƙuri da yayarka.

Da farko ka kira yarinyar nan ka sa mata albarka. Na daɗe ina aikin jinya a ɗakin haƙori kafin in ajiye aiki, kuma masu zuwar mana da ƙafarsu ba tare da ciwo ba, sai a yi sati ba a cika yatsun hannu da su ba. Galibin mutanenmu sai kunci ya haye kamar an cusa lemo, an kwana uku ido biyu, an gwada kanumfari, an gwada tafarnuwa, wani har ya ɗiga ruwan batir ko fetur a kogon, sannan za a ɗaure haɓa da rawani ko ɗankwali a taho. A lokacin kuwa sau da yawa aikin gama ya gama, sai dai a cire. Daga nan ne aka samo zancen cewa likitan haƙori ba shi da aiki sai cira, alhali mu ne ba ma kai masa komai sai abin cira. Kai za ka je ne tun da sauran abin gyara. Maganar fasawa kam, ajiye ta gefe.

Ka ce babu inda ke maka ciwo. Haƙori ba ya kuka da wuri. Farin ɓawon nan mai ƙyalli da ya lulluɓe shi, wanda duk jikin ɗan Adam babu abin da ya kai shi tauri, ba shi da jijiya ko ɗaya. Rami kan fara a jikinsa ya yi watanni, wani sa’in shekaru, mai shi bai sani ba. Sai ya yi zurfi ya doshi jijiyar da ke tsakiya sannan za a fara jin tsirawa in an kurɓi ruwan sanyi, daga nan sai zogin tsakar dare. Ciwon dasashi ya ma fi shi iya sanɗa. Yana cin ƙashin da ke riƙe da saiwar haƙori sannu a hankali, ba zafi, ba hayaniya, alamarsa ita ce jinin nan da kake gani da warin da uwargida ta ji. Ka ga ashe kana da abin kai wa likita. Kai ma ka sani, bakin aljihu in ya fara warwarewa, taku biyar na keke ya ishe shi. In aka bari ya yage har ƙasa sai faci, faci kuwa ko na gwani ne ana gane shi.

To mu zo kan kunyar, don na lura ita ce ainihin wasiƙar, sauran duk rakiya suka yo mata.

Bari in tambaye ka wani abu na sana’arka. Mutum ya zo awo, ka zagaya masa tef a ciki, sai ya ja numfashi ya tsuke tumbi don kada yaran shago su ji lambar. Ka rubuta abin da ka gani, ka yanka shadda, ka ɗinka. Ranar Sallah wa zai sha matsi? Shawarar da maƙwabcinka ya ba ka tsuke tumbi ce. So kake ka kai wa likita bakin da ba naka ba ya yi awo a kansa. Ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi. Mutumin nan aikinsa ke nan daga safe har yamma: bakin mai goro, bakin mai taba, bakin tsohuwar da ta yi shekara hamsin tana cin fure, bakin yaron da alawa ta cinye wa haƙoran gaba. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ya ce kusan mutum biliyan 3.5 ne ke ɗauke da wata cuta ta baki, wato saura kaɗan rabin mutanen duniya. Ka shiga layi ke nan, kuma layin dogo ne. Jan goro ma shi ne mafi sauƙi cikin abubuwan da likita ke gani, don a saman haƙori yake zaune, yawancinsa na fita da wanki. Ban taɓa ganin likitan da ya yi wa mai zuwa dariya ba. Abin da na sha gani shi ne ya girgiza kai ya ce da ma bara aka zo.

Gawayi da lemon tsami kuwa, don Allah ko sau ɗaya kada ka gwada. Ruwan lemon tsami na tausasa ɓawon haƙori, gawayi ya biyo baya ya kankare shi kamar yadda yashi ke cin gindin tukunya. Kwana biyu na farko za ka duba madubi ka ji daɗi. Amma ɓawon nan in ya tafi ya tafi ke nan, ba ya tsirowa kamar farce. Abin da ke ƙarƙashinsa kuma launin rawaya gare shi, ga shi da ƙananan ƙofofi da ke kai sanyi da zafi ga jijiya. Saboda haka mai yawan dirza da gawayi ko toka, ƙarshenta haƙoransa su ƙara rawaya, ruwan randa ma ya gagare shi sha da hunturu. Garin neman gira a rasa ido. Dasashin da ke zubar da jini kuma in ka ƙara masa dirza, za ka isa gaban likita da rauni sabo wanda zai rufe masa ainihin abin da ya kamata ya gani.

Abin da za ka yi wa bakin a kwanakin nan kaɗan ne, kuma ba don idon likita ba, don daga yanzu haka za ka ci gaba. Ka sayi buroshi mai laushi. Mutanenmu na son mai tauri, wai ya fi fitar da datti, alhali shi ke zaftare dasashi. Ka duba jikin makilin ɗinka ka tabbata akwai fuloraid, wato sinadarin da ke kare haƙori daga rami, a makilin manya lambar yawansa takan kasance tsakanin 1350 da 1500 a rubuce. Sau biyu a rana, minti biyu kowane karo, kuma na dare kafin barci ya fi na safe muhimmanci, don yawu na raguwa cikin barci, shi ne kuwa mai gadin baki. Ka ɗan karkata buroshin wajen da haƙori ya haɗu da dasashi, ka bi a hankali, ciki da waje. In ka gama ka tofar da kumfar, kada ka bi da kurkurar ruwa, ka bar maganin ya kwana a kan haƙoran. Za ka ga jini, kada ya sa ka kauce wa wurin. Inda ke jinin nan ne ya fi bukatar gogewa, kuma sau da yawa cikin mako ɗaya ko biyu yakan ragu. Asuwakinka na lokacin alwala ka riƙe shi, sunna ce kuma yana aiki, sai dai ba kasafai yake kaiwa bayan turamen ƙurya ba, ka bar wa buroshi can. Iyakarsa ke nan. Dattin shekara ashirin ba zai fita a mako guda ba, ba a fafe gora ranar tafiya.

Babban shirin yana cikin leda. Daren Litinin ka tattara duk maganin da kake sha, da kwalayensu, ka zuba a leda guda. Kada ka dogara da “wani ɗan fari ƙarami na safe da wani dogo na dare”, mun sha jin wannan, kuma ba ya gaya wa kowa komai. Ka haɗa har da wanda ba likita ne ya rubuta ba: na ciwon baya da kake saye a kemis bayan kwanan ɗinki, jiƙon da ake kawo muku kasuwa a jarka, habbatus sauda, duk wani abu da ke wucewa ta maƙogwaronka da sunan magani. Ba wanda zai kama ka. Ga dalilin da ya sa na nace.

Cikin magungunan hawan jini akwai irin su amlodifin da nifedifin da kan sa dasashin wasu mutane ya yi kauri ya hau kan haƙori, datti ya samu maɓoya. In likita ya san kana shan ɗaya daga ciki, da ya ga kumburin zai san inda ya dosa, ya rubuta wa likitanka na hawan jini su yi shawara. Wasu magungunan kuma na busar da baki, busasshen baki kuwa shi rami da wari suka fi so. Masu hawan jini da yawa ana ɗora su kan ƙaramin asfirin, wasu kan wafarin ko makamancinsa, masu tsinka jini. Wannan dole likita ya sani kafin ya taɓa dasashi. Ban manta wani dattijo ba da aka tambaya sau biyu ko yana shan wani magani ya ce a’a, don a ganinsa na zuciya ba ruwansa da na baki. Bayan an yi masa aiki muka fi awa muna danna auduga, shi a tsorace, mu a tsorace. Da ya faɗa tun farko da an shirya wa abin. Sai dai ka ji ni da kyau: faɗa za ka yi, ba dainawa ba. Kada ka tsayar da kowane magani da kanka don za ka je wurin likitan haƙori. Haka kuma in wani magani ya taɓa sa maka ƙaiƙayi, borin jini, kumburin fuska ko sarƙewar numfashi, musamman dangin fenisilin, ka faɗa tun ba a tambaye ka ba. In akwai asma, ciwon hanta, farfaɗiya ko wata matsalar zuciya, su ma a ji su.

Ciwon suga da ciwon dasashi kuwa abokan tafiya ne, kowa na ɗauke wa ɗan’uwansa kaya. Suga in ya yi yawa a jini yana rage wa jiki ƙarfin yaƙi da ƙwayoyin cuta, ya sa rauni ya daɗe bai warke ba, sai dasashi ya ruɓe da sauri. Dasashin da ke kumbure kullum shi ma yana sa sugan ya yi taurin kai wajen sauka. Wannan ne ya sa na fi damuwa da jinin da kake gani fiye da jan goron da ke ba ka kunya. In kana da takardar gwajin suga ta kwanan nan, musamman gwajin nan da ke nuna yadda sugan ya kasance cikin wata uku, ka sa ta a ledar. In kana da littafin awon jini, shi ma. ’Yarka za ta gane su.

Safiyar Talata ka karya kumallo sosai ka sha maganinka yadda ka saba. Akwai masu zuwa da yunwa don sun ɗauka duk zuwa asibiti sai da wofin ciki. Duba haƙori ba ya bukatar haka, kuma mai ciwon suga da ya sha magani bai ci abinci ba, ga zaman layi, ga fargaba, shi ne za ka ga zufa ta karyo masa jiki na rawa. Ka jefa dabino biyu ko uku a aljihu saboda irin haka. Wannan ce kaɗai ranar da za ka ji na ce a tafi wurin likitan haƙori da kayan zaƙi. In kana azumin nafila ka ɗage shi zuwa wata rana. Goro kuwa ka ba shi hutu tun daga asuba, don yana da sinadarin kafeyin da ke ƙara bugun zuciya ya ɗan ɗaga awon jini, kuma mai yiwuwa za a auna ka kafin a fara. In awon ya hau sosai za su iya ɗage duk aikin da ba na gaggawa ba, ka yi asarar yini a banza. Ka goge baki kamar kullum, ka fita da wuri. Asibitin gwamnati na mai sammako ne, kuma kada ka yi wa kowa alkawarin karɓar ɗinki kafin azahar.

Abin da ke cikin ɗakin bai kai yadda ake ba da labarinsa ba. Kujera ce mai kwantawa, da fitila a sama, da tire na ƙananan ƙarafa. Za a fara da tambayoyi, nan ledarka za ta yi aiki. Sannan likita ya sa safar hannu da takunkumi, ya ɗauki ɗan madubi mai mariƙi da wani siririn ƙarfe ya bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya. Cikakken baligi na da 32 in turamen ƙurya huɗu sun fito, waɗanda kan ɓullo tsakanin shekara 17 da 25. Za ka ji yana kiran lambobi wani na rubutawa, kamar dai kai da yaronka in ana awo. Awon ne kuwa. Tsakanin haƙori da dasashi akwai ɗan aljihu, a lafiyayyen baki zurfinsa milimita 1 zuwa 3. In ka ji 4 ko 5, ciwo ya fara zama. Daga 6 zuwa sama ƙashi ya ci sosai. Inci ɗaya na tef ɗinka milimita 25 ne da ’yan kai, ka ga a ƙanƙanin wuri ake wannan shari’ar. Zai kuma duba harshe, ƙarƙashinsa, cikin kunci da ganɗa, ya shafa ƙasan haɓa da wuya. Gyambon baki da ya wuce mako biyu ko uku bai warke ba, ko wani fari ko jan tabo da ya ƙi tafiya, shi ake nema, musamman ga masu taba da shisha. In kana da irinsa ka nuna.

Ina kuma zaton ko ba ka faɗi sana’arka ba zai gane. Teloli na yanke zare da haƙori su riƙe allura a baki, shekara da shekaru sai ka ga ɗan gibi a kaifin haƙoran gaba, daidai inda zaren ke bi. Duba madubi yanzu ka gani ko na yi ƙarya.

Wataƙila a ce a yi hoto, don rami tsakanin haƙora biyu da ƙashin da ke ƙasa ido ba ya ganinsu. Ɗan ƙaramin hoto ne, hasken da ke cikinsa kaɗan ne ƙwarai, ba ya zafi. Duk wannan duba ba allura a cikinsa. In ma wata rana aka zo ga cike rami, allurar kashe zafi ce a dasashi, tsinin sakan kaɗan, kuma da yake akan haɗa ta da ɗan sinadarin da ke tsuke jijiyoyin jini don ta daɗe tana aiki, nan ma sanin hawan jininka zai taimaki likita ya zaɓi wadda ta dace. Kafin a fara komai ka ce masa, “Likita, yau ne farkon zuwana, ina jin tsoro. In na ɗaga hannu a dakata mini.” Magidanci bai ragu da komai ba don ya faɗi haka. Na ga sojoji sun faɗa.

Sai wankin haƙori, wanda nake kyautata zaton za a ce a yi maka, kuma nake so ka yarda. Abokin naka ba ƙarya ya shirga ba, abin da ya gani ne bai fahimta ba. Kullum akwai wani farin danƙo mai ɗauke da ƙwayoyin cuta da ke taruwa a gindin haƙori. In buroshi bai ɗauke shi ba, cikin ’yan kwanaki ma’adinan da ke cikin yawu sai su fara daskarar da shi ya koma kamar dutse. Ya fi taruwa a bayan haƙoran gaba na ƙasa, inda yawu ke ɓulɓulowa daga ƙarƙashin harshe. Taɓa wurin da harshenka, in ka ji kaushi kamar bangon da ba a yi wa shafe ba, shi ne. Da zarar ya zama dutse, ba buroshi, ba asuwaki, ba gawayin da zai cire shi. Yana zaune yana tura dasashi ƙasa, ƙashi na zaizayewa, shi kuma yana cike gurbin da ya buɗe. Ranar da aka fasa shi aka cire, sai mutum ya ji iska na wucewa tsakanin haƙoransa, wani ya ji ɗaya na motsi, sai ya ce wanki ne ya jawo. Gibin ya daɗe a wurin, datti ne ya toshe shi. Kamar tsohuwar katanga ce da gara ta cinye, ka share ƙasar garar ka ga rami, sai ka kama faɗa da tsintsiya. In an bar dutsen, ƙashin zai ci gaba da tafiya har haƙorin ya faɗo da kansa, lafiyayye ba ko rami. In an cire, kumburi ya sauka, jini ya tsaya, dasashi ya sake kama abin da ya rage.

Na’urar da ake wankin da ita ba ta yankan haƙori. Bakinta karkarwa yake da sauri yana fesa ruwa, wani bututu na zuƙe ruwan. Ƙararta ta fi aikinta ban tsoro, kai da ke kwana cikin ƙarar keke da janareta ba za ta dame ka ba. Za ka ji tsirawa nan da can, ka tofar da ɗan jini. Bayan an gama, kwana kaɗan haƙoran za su riƙa jin sanyi, sai ka ɗan ƙaurace wa ruwan leda mai ƙanƙara, ka kurkura da ruwan ɗumi da ɗan gishiri. In dutsen ya yi yawa za a iya raba aikin zuwa zama biyu. Kada ka yi mamaki in ba likitan ne da kansa ya yi ba, akwai ma’aikatan da aka horar musamman kan wannan aiki, kuma hannunsu ya faɗa.

Za a tambaye ka abin da kake ci da sha, to a nan ma kada a tsuke tumbi. In kofi shida na shayi kake sha, ka ce shida. Babu tsutsa a haƙori, duk mai turara maka hayaƙi ya nuna maka ita a kwano dabara ya yi maka. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani suke cin sukari su fitar da tsami, tsamin ya narkar da ɓawon haƙori. Duk kurɓa ɗaya ta abu mai zaƙi, sai yawu ya yi kusan rabin awa ko fiye kafin ya kashe tsamin. Saboda haka wanda ya shanye kofinsa lokaci guda tare da abinci ya fi wanda ya ajiye shi gefen keke yana kurɓa daga hantsi zuwa la’asar, ko da sukarin ɗaya ne. Na san yadda shagunanku suke in Sallah ta matso, ana kwana ɗinki, mai shayi na kai da kawo, ga lemon kwalba, ga goro don kore barci. Kai da ke da ciwon suga ma ai wannan maganar ta wuce ta haƙori.

Batun kuɗi, ka tambaya kafin a taɓa ka, ba rowa ba ce. Zuwan farko na dubawa ne. In an lissafa maka ayyuka, ka ce wanne ne na gaggawa, wanne zai iya jira, nawa ne kowanne, zama nawa zai ci, me zai faru in an bar shi. In an ce cira, ka tambaya ko akwai hanyar ceton haƙorin, don wani ana iya wanke jijiyarsa a cike shi ya ci gaba da aiki. Kana da damar cewa za ka je ka yi shawara. In kana cikin tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha, KADCHMA, ko na tarayya da ya koma NHIA a 2022, ka tafi da katin ka tambayi abin da ya ɗauke da wanda za ka biya da kanka. In aikin ya fi ƙarfin inda ka je, a garin nan akwai sashen haƙori a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko da Asibitin Sojoji na 44, ga kuma na Jami’ar Ahmadu Bello a Shika, za a rubuta maka takarda. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce maka ga wani mai araha a lungu ko a tasha. Likitan haƙori na gaskiya yana da rajista da MDCN, hukumar da ke kula da likitoci da likitocin haƙori a Najeriya, kuma ƙarafansa sai an dafa su a tukunyar tururi mai zafin da ya haura digiri 120 kafin su shiga bakin wani. Ƙarfen da aka ɗauraye a roba aka goge da tsumma, ciwon hanta ake rabawa da shi.

Uwargida kuma ka gode mata, ba kowace mace ke iya faɗa ba. Yawancin warin baki daga bakin yake fitowa, daga aljihunan dasashi da bayan harshe, ba daga ciki ba kamar yadda ake cewa. Ka riƙa goge harshe, kuma ka tambayi likita ya nuna maka yadda ake amfani da zaren sakace, wato zaren da aka yi musamman don share tsakanin haƙora. Na ce zaren sakace, ban ce ka warware na shago ba. Ranar Talata kada ka cika baki da kanumfari ko minti don rufe warin, ka bar shi ya ji abin da ita take ji. In ka dawo ka ga ba a mutu ba, sai ka kai ta ita ma, da ƙananan yaran. Akwai turmin da kan fito wa yaro wajen shekara 6 a can baya, iyaye su ɗauka na nono ne zai faɗi, alhali na dindindin ne, kuma shi ya fi saurin ruɓewa.

Kafin ka fito ka tambayi ranar dawowa ka sa ’yarka ta rubuta a waya. An saba cewa duk wata shida, amma ba kowa da kowa ba. A Ingila ƙa’idar da suke bi tun 2004 ta ba da tazarar wata 3 zuwa shekara 2 ga manya, gwargwadon halin bakin mutum. Mai ciwon suga da dasashi na jini yana ɓangaren masu dawowa da wuri, don haka in an ce wata uku kada ka ce neman kuɗi ne. Ka dai roƙa kada ranar ta faɗo cikin goman ƙarshe na azumi, don na san ko da sarƙa aka ɗaure ka ba za ka bar shago ba.

Ka rubuto mini bayan Talata in ji lambobin da aka kira. Kuma ka nemi ɗan ƙaramin almakashi ka ɗaure shi da igiya a jikin keken, haƙoran gaban nan sun yanka zare ya isa haka. A gaida uwargida da ’yar jinyarmu.